Kwamfutar da na saya da kuɗin adashin Yaya

Yayata ba ta kiran sunan ɗanta na fari. "Yaron nan" take ce masa, ko "wancan", kamar yadda iyayenmu suka yi, don haka ni ma ba zan kira sunansa a nan ba. Ranar da ta aika a kira ni, a ƙarshen watan Yunin 2023, na tarar da ita zaune a kan tabarma a ƙofar ɗakinta da baƙar leda a cinya. Bayan mun gaisa ta ce, "Auta, yaron nan ya ce a lakkol ɗinsu sai da ordinata. Ni ban san kanta ba. Kai ne ka yi karatun Sakkwato." Ta turo mini ledar. Jika 560 ce ta sefa a ciki: ɗaukar adashinta ta wannan zagaye, haɗe da kuɗin wani maraƙi da ta sa aka sayar.

Fiye da shekara ashirin ke nan Yaya tana ƙetare Kwara zuwa Malanbil, ta saro gari da manja da doya, ta dawo Gaya ta kasa. Gadar farko da ta haɗa garuruwan biyu tun 1958 aka gina ta, ta girmi 'yancin kan Nijar da Benin duka, kuma a lokacin mu mutanen Gaya kusan duk abincinmu ta kanta yake wucewa. Babu jika guda a cikin ledar nan da ba ta sha rana a bakin duwan ba.

Ni malamin Ingilishi ne a wata sakandare, Mushe ake ce mini a gari. Na yi digirina a Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo, ni na fara buɗe imel a gidanmu, ni ke saka wa tsofaffi WhatsApp a waya. Daga nan aka naɗa ni masanin kwamfuta na dangi, ni kuwa ban taɓa cewa a'a ba. Gaskiyar magana, ilimina na wannan fanni ya tsaya ne wajen shekarar da na baro Sakkwato, sauran duk tsince-tsince ne.

Yaron ya gama shekararsa ta farko a IFTIC ta Yamai, inda yake koyon ɗaukar hoto da tace fim. Washegari ya zo gidana, ya durƙusa, ya miƙo mini wata takarda da ya yago daga littafi. Ya ce, "Kawu, na tambayi na gaba da mu abin da suke aiki da shi." Ya rubuta ram giga 16, ma'ajiyar SSD ta giga 512 ko fiye, gilashi mai nuna launi na gaskiya, da batir mai jimawa. Ya ce akwai irinta a wani shago a Yamai wajen jika 400, da takardar garanti, abin da ya rage sai a sayi ma'ajiyar waje da ɗan makirufo. Can ƙasa, da ƙananan haruffa kamar mai jin kunya, ya ƙara: "in za ta iya eFootball, to." Na karanta sama-sama, na ninke takardar na sa a aljihun riga. Da rigar aka wanke ta.

Dalili kuwa na riga na ga wadda nake so. Wani dillali da ke shigo da kaya 'yan Kwatano ya turo mini hotunanta: baƙa, mai kauri, madannanta suna ƙyalli ja da kore da shuɗi kamar motar amarya, ga tambarin i7, ga na RTX 3060. Na gaya wa kaina cewa mai ƙarfi ta fi, abin da ya ɗauki gem ai zai ɗauki fim. Akwai ƙamshin gaskiya a cikin wannan, don katin hoto mai kyau yana taimakon DaVinci Resolve da Premiere Pro ƙwarai. Amma ba wannan ne ya ja ni ba. So nake ranar da aka buɗe ta a tsakar gida a taru a ce Mushe ya san kaya. Kuma akwai wani saurayi a cikina, wanda ya ƙarar da kuɗin abincinsa a gidajen gem na Sakkwato yana buga PES a PlayStation 2, da bai taɓa mallakar irin wannan abu ba. Da kuɗin Yaya na yi masa sayayya.

Dillalin ya ce jika 600, muka tsaya a 545. Gwajin da na yi bai wuce minti goma ba, a shagonsa, a ƙarƙashin fanka. Ya buɗe GTA V, mota ta sheƙa a bakin teku, ruwa yana walƙiya, na ce madalla. Na buɗe shafin rubutu na buga "Yaya" da hannuna da ya saba da madannan Ingilishi, sai ga "Zaza" ta fito. Ashe madannan Jamus ne, inda Y da Z suka yi musayar gida, kuma babu é da ç a inda ɗan makarantar Faransanci zai neme su. Muka yi dariya har da dillalin. Yaron bai yi ba. Ya ɗauki cajar ya jinjina ta a hannu, ya ce a hankali, "Kawu, cajar nan kamar ba tata ba ce." Na ce, "Ba ta shiga ba? Caja ai caja ce." Jika 15 da ta rage muka sayi jaka.

Bayan kamar mako uku, ranar 26 ga Yuli, sojoji ƙarƙashin Janar Tiani suka kifar da gwamnatin Bazoum. Kwana huɗu bayan haka ƙungiyar CEDEAO, wadda mutanen Kamba ta Najeriya ke kira ECOWAS, ta ƙaƙaba takunkumi. Aka toshe gada, manyan motoci suka yi layin da ido ba ya ganin ƙarshensa a ɓangaren Malanbil, a farkon Agusta kuma Najeriya ta yanke wutar da take ba mu, wadda ita ce kusan kashi 70 cikin ɗari na abin da ƙasar ke sha. Dillalin ya maƙale a ƙetare, daga baya lambarsa ta daina shiga.

Na daɗe ina ba da labarin nan kamar juyin mulki ne ya ɓata mana kwamfuta. Ya fi daɗin faɗa a majalisa. Amma ɗaukewar kuran da zafin bazara da ƙurar hunturu sun girmi Janar Tiani a mulki, kuma ni a cikinsu aka haife ni. Abin da takunkumi ya yi kawai shi ne ya gaggauta tonon asirina.

Irin wannan na'ura ci gare ta. Kwamfutar ofis ta yau da kullum tana wadatuwa da caja mai wat 45 ko 65, ita kuwa ta gem tana neman 180 zuwa 230. Batir kuma ba a yin wanda ya wuce wat-awa 100, saboda dokar shiga jirgin sama da shi, don haka ko sabuwa ce fil, in aka cire ta daga bango ana aiki mai nauyi, sai ta rage ƙarfinta da kanta, batirin kuma ya zube cikin awa ɗaya ko biyu. Kan tirela ne aka ɗaura wa tankin kabu-kabu. Tamu ko minti arba'in ba ta kaiwa. Duk hutun nan yaron yana saɓe da jaka mai nauyin kusan kilo uku, yana bin shagunan da ke da janareta, yana biyan kuɗin zama kusa da soket.

A watan Satumba ya samu aikinsa na farko na kuɗi, bikin 'yar maƙwabta. Ya ɗauka, ya tace, ya kai. Kwana biyu uwar amarya ta aiko: fuskokin mutane duk sun yi ja kamar an tsoma su a manja, atamfar anko kuma ba ita ba ce. Abin da ban sani ba a lokacin shi ne yawancin kwamfutocin gem masu sauƙin kuɗi gilashinsu gudu gare shi, yana sabunta hoto sau 144 a daƙiƙa, amma launinsa a koɗe yake, bai kai kashi biyu cikin uku na launukan da waya mai kyau ke nunawa ba. Mai harbi a cikin gem wannan bai dame shi ba. Mai tace hoto kuwa zai ga ja ya yi fari-fari, ya ƙara masa, ya sake ƙarawa, sai an kunna a talabijin abin ya fito. Yaron ya mayar da rabin kuɗin. Ni kuma na dafa kafaɗarsa na ce, "Hannunka ne bai faɗa ba tukuna."

Ya koma Yamai. Cikin hunturu ya kira ni sau biyu yana cewa fankar tana ƙara kamar injin niƙa. Na ce ya daina ɗora ta a kan katifa. Ya ce a kan tebur take. Na ce to ya yi haƙuri da ita.

Sai bazarar 2024 ta shigo tare da azumi, kuma duk wanda ya yi ta a Sahel bai manta ba. Ranar 3 ga Afrilu an auna digiri 48.5 a Kayes ta Mali. A wannan zafin yaron yake haɗa aikinsa na ƙarshen shekara, wani ɗan gajeren fim a kan masu kwale-kwalen da ke ƙetarar da mutane tsakanin Gaya da Malanbil. CEDEAO ta ɗage takunkumi tun 24 ga Fabrairu, amma ɓangarenmu na gadar ya ci gaba da zama a rufe, kowa sai ta ruwa, har da uwarsa da jarkokinta. Ya gama tacewa, saura fitarwa. Kwamfutar ta kai kashi sittin ta mutu. Ya jira dare ya raba, ta kai saba'in ta mutu. Haka ya zo hutun ƙaramar Sallah da aikin a hannu, ya rame, idanunsa sun faɗa.

Abin da na yi a ranar shi ne ainihin dalilin wannan rubutu, don sayen kaya mara kyau kowa na iya yi. Muna zaune a tsakar gidan Yaya bayan la'asar. Na karɓi kwamfutar na buɗe, ina sane da cewa ita Yaya ni take kallo. Tun safe nake jin tambayar da ba ta yi ba tana yawo a gidan: wa ya zaɓo? Sai idona ya faɗa kan alamar eFootball a gefen gilashi. Na juya mata fuskar kwamfutar na nuna da yatsa, na ce, "Ga abin da ya kashe ta. Gem dare da rana, ina za ta ɗauka?"

Yaya ba ta ɗaga murya ba. A lokacin cinikinta ya karye, kuɗin jirgi da na 'yan dako sun cinye ribar. Ta dubi ɗanta ta ce, "Ashe ƙwallo na saya maka da maraƙina." Shi kuma ya sunkuyar da kai ya ce, "Ku yi haƙuri." Bai ƙara ko kalma ba. Yaron da aka yi wa tarbiyya ba ya ƙaryata kawunsa a gaban uwarsa, kuma na san da haka kafin in buɗe baki. Da wannan tarbiyyar tasa na fake. Maganar ma ko ma'ana ba ta da ita: ni na zaɓo na'urar da aka ƙera don gem, ni kuma nake cewa gem ya kashe ta. Hausawa sun ce laifi tudu ne. Ni da gangan na hau nawa.

Bayan Sallah muka kai ta wajen wani matashi mai gyara kusa da tasha, wanda ya koyi aiki a Computer Village ta Ikeja. Na tafi ne da fatan ya gaskata ni. Ya kwance murfin ƙasa a gabanmu, ya sa ɗan hantsaki ya zaro wani abu daga bakin fankar kamar guntun bargo, ƙura ce da gashi suka dunƙule suka toshe hanyar iska. Ya ce rabinta tamu ce, rabi kuwa da ita ta zo daga Turai. Ya ɗaga ƙarfen da ke kwashe zafi, man da ake shafawa tsakaninsa da furosesa ya bushe ya zama ƙanzo. Ya bayyana mana cewa in zafin ciki ya doshi digiri 95 zuwa 100, na'urar tana rage gudu don ta tsira, in abin ya ƙi sai ta kashe kanta. Fitar da fim kuwa shi ne aikin da ke sa furosesa da katin hoto su yi ta gudu tare ba hutawa.

Sannan ya buɗe baƙin shafin nan na Windows ya rubuta umarni guda, powercfg /batteryreport. Rahoton ya nuna an ƙera batirin ya riƙe wat-awa 80, yanzu 29 yake riƙewa. Ya ce wannan ba aikin wata tara ba ne, kuma minti ɗaya ya isa a duba shi a shago. Ram giga 8 ne, ma'ajiya 256, ta cika maƙil, alhali bidiyon 4K na awa guda yana iya cin giga 10 zuwa 20. Game da tambarin da ya ruɗe ni, ya ce RTX 3060 na kwamfutar cinya ba abu guda ba ne: wani kamfani yana ba shi wat 60, wani 115, suna ɗaya, aiki daban. Haka i7, suna ne na gida, ba ya faɗin shekaru. Ya ce kullum ana kawo masa i7 'yar shekara goma da mai ita ya saya da tsada, ga shi Windows 11 ba ta karɓar abin da ya gaza zuriya ta takwas a hukumance.

Ya bar cajar sai ƙarshe. Ya kifa kwamfutar ya nuna mini ɗan rubutun da ke ƙasanta: 19.5V, 11.8A. Ya nuna na jikin cajar: 19.5V, 6.15A. Ya ce, "Mushe, ku ne malamai, a ninka mana." Na farko ya ba da 230, na biyu 120. Wata tara ke nan na'urar tana aiki da rabin cikinta, tana cike giɓin daga batir ko da tana jone. Abin da yaron ya ji a tafin hannunsa ke nan ranar farko.

Duk da haka sai da na yi tambayar. Na ce, "To gem fa?" Ya yi dariya ya ce, "Gem ai shi ne aikinta. Wannan ƙwallon ko gumi ba ya sa ta." Ya ci gaba da goge fankar da buroshi, can ya ce, "Wa ya sayo masa ita ne?" Na yi shiru. Yaron ya ce, "Mu muka saya."

Wannan "mu" ta fi mini zafi a kan duk lissafin da aka sa ni.

Gyaran ya ci jika 95 daga albashina, a wata biyu. Aka wanke ta, aka sa sabon mai, aka ƙara ram ya zama 16. Caja ta asali sai daga Kano aka samo, ta biyo ta Kamba, don iyakar Najeriya an buɗe ta a watan Maris. Ta zo da kai mai ƙafa uku irin na can, sai da muka nemo abin haɗi. Batir bai samu ba. Da mai gyaran ya fara koya wa yaron dabarar tace fim da kwafi mara nauyi, a bar na asali sai wajen fitarwa, sai ya tarar tuni da ita yake aiki, shi ya sa ma ya kai inda ya kai. Fim ɗin ya fita a dare ɗaya. Ya miƙa shi a makare, aka rage masa maki.

Saura magana. A wajenmu kawu ba ya ba ɗan 'yar'uwarsa haƙuri; ya saya masa shadda, ko ya ƙara masa kuɗin mota, kowa ya gane, a wuce wurin. Na so in bi wannan hanya, har na sayi shaddar. Amma abin da na ɓata ba a tsakanina da shi yake ba, a tsakaninsa da uwarsa yake, kuma mako biyu ke nan tana amsa gaisuwarsa a taƙaice. Na je bayan isha'i na same ta ita kaɗai, na kwashe komai na faɗa mata, har da takardar da aka wanke da riga, har da maganar caja. Ta saurara har na gama, sannan ta ce, "Auta, ba ni za ka gaya wa a ɓoye ba. A gabana ka faɗa, a gabana za ka janye." Ta sa aka kira shi.

Ban taɓa tsayawa gaban aji na ji harshena ya yi nauyi haka ba. Na ce masa ƙarya na yi masa, na san ba ni da tabbas na faɗa, kuma zaɓinsa ya fi nawa tun farko. Ya rasa inda zai sa idonsa, ya ce, "Haba Kawu, ba komai." Yaya ta ce, "Akwai komai." Sannan ta tura masa kwanon furar da ke gabanta, abin da ban taɓa ganin ta yi ba tun yana yaro.

Har yanzu abokan aiki suna zuwa wajena in za su saya wa 'ya'yansu, don naɗin masanin bai warware ba. Abin da ya sauya shi ne ba na fara tambayar kuɗin da suka tanada. Nakan ce a turo mini yaron da kansa, in ji aikin da zai yi, da ɗakin da zai kwana, da awa nawa kuran ke tsayawa a unguwarsu. In ta hannu ce, sai an kifa ta an ninka lambobin nan biyu, an karanta rahoton batir, an bar ta tana fitar da bidiyo rabin awa ba fanka a kanta. Wasu sukan ji haushi, su ce sun zo wajen babba ya mayar da su wajen yaro. Akwai wanda ya tafi ya sayo mai ƙyalli duk da haka, kuma ban ga bakin yi masa dariya ba.

Kwamfutar tana nan da ranta. A ɗaure take da bango kamar akuya, a kan marafan kwalba huɗu don iska ta shiga, kuma da asuba yake aiki da ita kafin rana ta ɗaga. Launi kuwa ba ya yarda da ita, sai ya tura wa wayarsa ya duba, ya sake dubawa a talabijin. Mun buga eFootball sau ɗaya, ya ci ni huɗu ba ko ɗaya, kuma ina zargin ya sassauta.

Fim ɗin masu kwale-kwale sai a babban hutu muka kalla, a talabijin ɗin maƙwabtan nan da aka ɓata wa biki. Akwai wurin da kyamara ta tsaya a kan Yaya tana zaune a tsakiyar jirgi, ta dafe jarkoki biyu da hannuwanta, gadar tana can baya ba kowa a kanta. Ba ta san ya ɗauke ta ba. Ta matso kusa da gilashin ta daɗe tana kallo, uwar amarya tana gefenta. Da ta koma mazauninta sai ta ce, ba tare da ta dubi ɗanta ba, "To, wannan karon dai manjan yana cikin jarka."